Sugana 98 amma likita ya ce jikina ya daina jin maganar insulin, ta ina ya gani?

Direban Apapa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin asibiti a taimaka min. Kamfanin da nake wa tuƙi sun tura mu gwajin shekara, jiya takarda ta fito, likitan ya duba ya ce sugana 98 ne lafiya lau, har na fara hamdala sai kuma ya ɗago kai ya ce amma fa jikina ya fara ƙin jin maganar insulin, in ban canza ba ciwon suga na nan tafe nan da 'yan shekaru. To abin da ya ɗaure min kai, na duba takardar nan sama da ƙasa babu inda aka auna insulin, ta ina ya gani? Ko duba yake yi ban sani ba? Ga abin da aka rubuta: suga 98, TG 190, HDL 36, awon jini 138/88. Shekaruna 44.

Telan Obalende: Wa alaikumus salam oga direba, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ba likita ba ne amma wandon da na ɗinka maka da babbar sallah sai da na ƙara inci biyu a kan na bara, wannan ba sai an je lab ba hhh

Direban Apapa: Kai tela ka rufa min asiri mana gaban jama'a

Alhajin Rago: Wanga zance na likitocin Ikko ni ban yarda da shi ba. Mutum ya tai lahiya lau su ce mai ba shi da lahiya don su sai mai magani. In suga bai hau ba mi za a nema kuma? Tumbi ai rufin asiri na, ubannimmu sun yi tumbi sunka kai tamanin suna cin nama. Direba ka ci abincinka ka yi addu'a.

Malamin Lab: Alhaji ranka ya daɗe a yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Iyayen namu da suka kai tamanin ai da ƙafa suke zuwa gona su dawo, ba su san lemon kwalba da indomi ƙarfe sha ɗayan dare ba, kuma ba su taɓa zama awa huɗu cikin gosulo a kan hanyar Apapa ba. Malam direba likitanka ba boka ba ne, lissafi ya yi, bari in kwatanta maka da kasuwar Mile 12 tunda kowa ya san ta. Tirela ta kawo tumatir daga Arewa, tumatirin shi ne sugan da ya shiga jini bayan ka ci abinci, insulin su ne 'yan dakon da ke kwashewa su kai wa masu rumfa, masu rumfar su ne naman jikinka da hanta. Lokacin da kasuwa ke lafiya 'yan dako biyar sun isa su sauke mota. To sai masu rumfa suka fara taurin kai, sai an buga an buga kafin su karɓi kwando, sai shugaban kasuwa ya ƙaro 'yan dako, goma, ashirin, talatin. Kai da ka zo da safe ka ga titi fes babu kwando ko ɗaya sai ka ce kasuwa lafiya lau, ba ka san mutum talatin ne suka kwana suna aikin mutum biyar ba. Sugan ka na 98 shi ne titin nan da ka gani fes. Ana iya yin shekaru a haka, ranar da 'yan dako suka gaji kwanduna suka fara taruwa a titi ranar ce ake ce maka kana da ciwon suga, amma rigimar ta daɗe da farawa.

Direban Apapa: To na gane wannan. Amma ta ina ya ƙirga 'yan dakon tunda bai auna su ba?

Malamin Lab: Sawunsu ya gani. Idan jiki ya daina jin insulin, kitsen ciki yana ta sakin maiƙo zuwa hanta, ita kuma hanta sai ta riƙa haɗa shi tana turawa cikin jini, shi ne TG ɗin nan, wato kitsen da ke yawo cikin jini, da ka gani 190, ya kamata ya tsaya ƙasa da 150. Kuma duk lokacin da TG ya hau sai HDL ya sauka, wato kolestarol ɗin da ake cewa mai kyau, na namiji bai kamata ya gaza 40 ba, na mace 50, naka 36. Ka raba 190 da 36 ka samu 5 da ɗoriya, yawanci daga 3 zuwa sama ake fara ɗaga gira. Da ido ma likita zai yi wannan lissafin kafin ka gama zama.

Ɗan Makaranta: Malam in ƙara kaɗan a kan naka. Abin da direba ke da shi yana da suna, wani likita a jami'ar Stanford ta Amurka, Gerald Reaven, shi ya fito da maganar sosai a 1988, ya nuna hawan jini da hawan TG da saukar HDL da suga duk 'yan gida ɗaya ne, uwarsu ita ce ƙin jin insulin. Yanzu ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin suka haɗu a kai a 2009 abu biyar ne, in mutum na da uku ya shiga: faɗin ƙugu, TG 150 ko sama, HDL ƙasa da 40 ga namiji ko 50 ga mace, awon jini 130/85 ko sama, sai sugan azumi, wato wanda aka auna mutum bai ci komai ba, 100 ko sama. Direba ko ba a auna ƙugunsa ba yana da uku.

Telan Obalende: Ƙugun ma ina da shi a littafi, inci 41

Ɗan Makaranta: To ya zama huɗu ke nan, inci 41 santimita 104 ne, iyakar da ake amfani da ita ga mazan Afirka 94 ce, mata 80. Suga ne kaɗai ya rage masa shi ma saura maki biyu.

Direban Apapa: Innalillahi. Tela wlh ka gama da ni yau

Anti Nas: Direba kar ka tayar da hankalinka, wannan matakin shi ne wanda ake iya juyawa, gara da ka sani yanzu. Allah ya ba da lafiya.

Mai Shayi Mile 12: Ni tambayata me ya sa ba za a auna insulin ɗin kai tsaye a huta ba? sai kewaye-kewaye

Malamin Lab: Ana aunawa, sai dai abu uku. Na farko tsada, ba kamar suga ba da ko a kemis za a tsaga maka yatsa a faɗa maka. Na biyu ba kowane lab ke da injin ba, da yawa karɓar jinin suke su tura wani wuri, kuma insulin ba ya son wasa, in jinin ya fashe a cikin kwalba ko ya daɗe cikin zafi a bayan mai okada sai lambar ta sauka ƙasa da gaskiya, ga matsalar wuta da kowa ya sani. Na uku kuma wanda ya fi ba ni haushi, injinan kamfanoni daban-daban ba sa ba da lamba ɗaya, ka kai jini ɗaya wuri biyu ka dawo da amsa biyu. Shi ya sa masu bincike suka yi ta neman abin da za a iya cirowa daga gwajin da kowane ƙaramin lab ke yi.

Ɗan Makaranta: Asalin ma'aunin gaskiya ma ba wannan ba ne, akwai wanda DeFronzo ya fito da shi a 1979, a kwantar da mutum a sa masa ƙarin ruwa biyu, ɗaya insulin ɗaya suga, ana ɗibar jini kowane 'yan mintuna har awa biyu ko fi, a ga nawa ne sugan da jiki ke iya shanyewa. Wannan sai wajen bincike, ba wanda zai yi wa direban tanka. Daga baya a 1985 mutanen Oxford su Matthews suka kawo HOMA-IR, ka ninka insulin na azumi da sugan azumi ka raba da 405. Sai kuma a 2008 wasu likitoci a Meziko suka ce a bar insulin ɗin gaba ɗaya, a haɗa TG da suga kawai, shi ne ake kira TyG. Ka ninka TG da suga, ka raba biyu, ka danna ln a kalkuletar waya. Na direba 190 sau 98 raba biyu 9310, ln ɗinsa 9.1. Yawancin wurare daga wajen 8.5 zuwa 8.8 ake sa iyaka, ya danganta da mutanen da aka yi binciken a kansu.

Direban Apapa: Na sa a wani shafi a intanet ya ba ni 4.9 fa, kai ka ce 9.1, wanne zan ɗauka

Ɗan Makaranta: Duk ɗaya ne yaya, wasu suna raba biyun kafin su danna ln wasu bayan sun danna. Masu rabawa a ƙarshe iyakarsu wajen 4.5 zuwa 4.7 take. Ta kowace hanya dai ka haura.

Mai Shayi Mile 12: To ni nawa ya fito 1.3 alhamdulillah, ashe ni ne mai lafiyar gidan nan, ku da kuke cewa shayi na kashe mutane

Malamin Lab: Hhh mai shayi turo lambobin mu gani, 1.3 ko jariri ba zai samu ba

Mai Shayi Mile 12: suga 5.2, TG 1.4, HDL 1.1

Malamin Lab: Na sani. Takardarka da ma'aunin mmol aka rubuta, ta direba da ma'aunin mg, a nan Legas kowane lab da irin nasa, wannan kuskuren kullum sai na gan shi. Suga ka ninka da 18, TG da 88.6, HDL da 38.7. Naka ya zama suga 94, TG 124, HDL kusan 43. TyG ɗinka 8.7, rabon TG da HDL 2.9. Wato kana tsaye a bakin ƙofa, ba ka shiga ba ba ka fita ba. Amma tsaya, da azumi ka je?

Mai Shayi Mile 12: Eh ban ci komai ba, shayi kawai na kurɓa da asuba ko burodi ban taɓa ba

Anti Nas: Shayin da suga cokali nawa da madara gwangwani nawa? Mun san hannunka fa

Mai Shayi Mile 12: Anti ai shayi ba suga ruwan zafi ne

Malamin Lab: To takardar nan ka ajiye ta ka sake. Azumin gwaji awa 8 zuwa 12 ne ba komai sai ruwa zalla, ruwa kam ka sha, ba irin azumin Ramadan ba ne. Ba shayi, ba goro, ba lemo. Lissafin nan duka a kan jinin azumi aka gina shi.

Maman Biyu: Salamu alaikum, tun ɗazu nake bin ku a hankali. Ni ma na yi nawa wata biyu da suka wuce, suga 104, TG 85, HDL 52, jini 124/80. Yarona ya lissafa min TG raba HDL 1.6, TyG 8.4. Ke nan ni na tsira ko? Don gaskiya ina da jiki, kuma an daɗe ana tsorata ni.

Ɗan Makaranta: A lissafi kam Hajiya kin fita, duka biyun suna ƙasa da iyaka

Anti Nas: Ɗan makaranta dakata, kar ka sallame ta tukuna. Maman Biyu sugan azumi 104 ba a ce masa lafiya lau, daga 100 zuwa 125 share fagen ciwon suga ne, 126 shi ne ciwon kansa in an maimaita an samu haka. Ƙugunki nawa? Kuma ki yi haƙuri da tambayar, bayan wuyanki ko hammata akwai wani baƙi-baƙi mai laushi kamar datti wanda ba ya fita da wanka?

Maman Biyu: Anti kamar kin gan ni wlh. Na goge wuyan nan da soso har ya yi ciwo, na sa lemon tsami na sa dilka, kishiyar yayata har gori ta yi min a wajen biki wai ba na wanka. Ƙugu kuma 96 ne da aka auna

Anti Nas: Ba datti ba ne 'yar'uwa, ki daina azabtar da fatarki. Insulin ne in ya yi yawa a jini yake sa fata ta yi kauri ta yi duhu a wuya da hammata da matsematsi, wani lokaci har da 'yan ƙananan tsiro a wuya. Ni in na ga wannan a jikin mace ga ƙugu 96 ga suga 104 ba na jiran wani TyG.

Malamin Lab: Anti ta taɓo inda ni ma nake son zuwa, kuma nan ne nake da matsala da yadda ake yaɗa lissafin nan a Facebook da TikTok kamar wahayi. Iyakar 3 ɗin nan ta TG raba HDL a kan turawa aka samo ta a Amurka. Da wata likita mai suna Anne Sumner ta cibiyar binciken lafiya ta ƙasar ta gwada a kan baƙaƙen fatar Amurka, a 2005 ta wallafa cewa TG da rabon TG da HDL ba sa nuna ƙin jin insulin a jikinsu. Mutum zai kasance jikinsa ya yi nisa a taurin kai amma TG ɗinsa na nan ƙasa kamar ba komai, an danganta hakan da cewa sinadarin da ke share TG daga jini ya fi kuzari a jikin baƙar fata. Su kuwa waɗannan mutanen yawancin kakanninsu daga nan yammacin Afirka aka kwashe su. To TyG ma ai rabinsa TG ne. Shi ya sa ni a wurina in lambar ta hau irin ta direba na yarda da ita ɗari bisa ɗari, don kafin TG ɗin ɗan Najeriya ya kai 190 an yi nisa. Amma in ta sauka irin ta Maman Biyu ba na ce wa mutum je ka ka tsira.

Ɗan Makaranta: Malam na yarda da binciken amma kar mu yar da abin gaba ɗaya. Baƙin Amurka ba Bahaushen Agege ba ne, abincinsu daban, jininsu ma ya gauraya. Kuma me za mu ba mutumin da ba shi da kuɗin insulin? Ko ba komai TyG kyauta ne tunda an riga an yi gwajin, kuma mutum zai iya bin nasa daga shekara zuwa shekara ya ga yana hawa ko yana sauka.

Malamin Lab: Wannan na ƙarshen na karɓa, mutum ya gwada kansa da kansa, bara 8.2 bana 8.7, wannan magana ce. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko iyakar da aka yanka a Meziko ko Koriya a ce wa matar Agege ta tsira. Ka ce baƙin Amurka ba mu ba ne, to Bameziken ne mu? In za a yi aron riga ai gara ta ɗan'uwa.

Ɗan Makaranta: Hhh ka kama ni a nan. Amma iyakar ƙugun da kuke ta yabo ita ma aro ce fa, 94 da 80 na turawan Turai ne, ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ce Afirka ta yi amfani da su kafin a samu namu. Amurkawa ma 102 da 88 suke sawa.

Malamin Lab: Gaskiya ne, shi ya sa na fi son na rabin tsawo. Ƙugunka kar ya kai rabin tsawonka, shikenan, dogon Bafulatani da gajeren mutum kowa da nasa.

Maman Biyu: Ku tsaya ku tsaya, na duba takardar akwai shafi na biyu, likitan mata ne ya sa aka yi don al'adata tana min wasa sai ta yi wata biyu uku ba ta zo ba. An rubuta insulin 18

Ɗan Makaranta: A lissafin HOMA-IR, 18 sau 104 raba 405, 4.6. Yawanci daga 2 zuwa 2.5 ake fara cewa akwai matsala. To na janye Hajiya, Anti da Malam sun yi gaskiya, TyG ya wanke ki amma insulin ya kama ki.

Anti Nas: Kuma maganar al'adar nan ki koma wa likitan da ita, akwai matsalar ƙwayayen mahaifa da ke tafiya tare da yawan insulin, wasa da al'ada, gashi a haɓa, ƙuraje, wahalar samun ciki. Sannan tambaya ɗaya tsakanina da ke, in ba ki son amsawa a nan ki same ni ta gefe: kin taɓa shan maganin ƙiba?

Maman Biyu: Ba abin ɓoyewa Anti. Bayan na yaye 'yan biyu na rame sosai dangin miji suka sa ni gaba wai ɗansu ba ya ciyar da ni, wata maƙwabciya ta kawo min sha-ka-fashe na sha kusan wata huɗu. Na daina tun bara

Anti Nas: Allah ya kyauta. Yawancin haɗin nan akwai wani maganin asibiti mai suna dexamethasone a ciki, shi kuma kai tsaye yake sa jiki ya ƙi jin insulin, ya tara kitse a ciki da fuska, ya hau da suga da jini. Wasu mayukan bilicin ma akwai danginsa a ciki. Ki faɗa wa likita kin sha, kar ki ji kunya. Duk wadda ke sha yanzu kuma ta daɗe a kai kar ta yanke rana ɗaya, a hankali ake janye shi a hannun likita.

Alhajin Rago: To ni dai agbo, jiƙon gargajiyar nan, nika sha wurin wata Bayarba kullum da sahe, da ruwan shuwaka, shi ka wanke suga. Ba ni zuwa wani lab

Anti Nas: Alhaji ranka ya daɗe ɗaci ba shi ne magani ba. Agbon nan ba ka san me aka zuba ba, ba ka san yawansa ba, wani da giya ake jiƙa shi ma, kuma ƙoda ce ke biyan bashin. Ka ci zogalenka da shuwaka a miya ba wanda ya hana, amma ka je a auna ka.

Alhajin Rago: Giya?? Subhanallah. Bari in tambaye ta gobe

Telan Obalende: hhhhh Alhaji ashe shi ya sa kake fara'a da safe

Admin: Tela a kiyaye, Alhaji babanmu ne.

Telan Obalende: Tuba nake Alhaji

Direban Apapa: Wani abokina ya ce in yi HbA1c wai ya fi duka, gaskiya ne?

Malamin Lab: Yana da kyau, ba ya buƙatar azumi, yana nuna matsakaicin suganka na wata biyu zuwa uku saboda suga na manne wa jajayen ƙwayoyin jini su kuma kwana 120 suke rayuwa. 5.7 zuwa 6.4 share fage, 6.5 ciwon suga. Amma ka lura shi ma titi yake kallo ba 'yan dako ba, zai iya fitowa lafiya alhali insulin na can sama. Kuma mu nan muna da wata matsalar, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai sikila SS ƙwayoyin jininsa ba sa kai kwanakin nan don haka lambar na fitowa ƙasa da gaskiya, AS kuma ya danganta da irin injin, wasu suna ruɗewa wasu ba sa yi. Haka wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ko mai ƙarancin jini. Ka faɗa musu jinsin jininka kafin a ɗiba. In ana shakka akwai na shan ruwan suga giram 75 a auna bayan awa biyu, 140 zuwa 199 share fage, 200 ciwo.

Direban Apapa: Ni AA ne. To yanzu me zan yi, magani zan fara?

Anti Nas: Wannan likitanka ne zai yanke, musamman jinin nan 138/88 sai an maimaita awo a ranaku daban. Amma akwai babban binciken da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 a kan masu share fagen suga, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu su yi tafiyar minti 150 a sati haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, waɗanda aka ba maganin suga metformin kashi 31. Ka ga ƙafa ta fi ƙwaya. Minti 30 sau biyar a sati ne fa. Kai da kake kwana a layin lodi, maimakon ka kwanta ƙarƙashin mota ka zaga layin. Kuma TG ba abin da ke ɗaga shi irin zaƙi da farin gari, lemon kwalba, maltina, burodin Agege rabi guda da shayi mai kauri, mutane na ɗauka mai ne kawai. Faɗa min me kake ci a rana.

Direban Apapa: Safe shayi da burodi da ƙwai, rana shinkafa ko eba wajen mama put da lemo mai sanyi, in ana zafi lemo biyu ko uku, dare indomi biyu da ƙwai wajen mai shayi, sai abin ƙarin kuzarin nan na gwangwani in zan yi tuƙin dare

Anti Nas: To fara da na sha. Lemo da na gwangwanin nan ka mayar da su ruwa, shayi ka rage suga rabi. Indomi biyu ya koma ɗaya ko ka nemi wake ko ƙosai ko moimoi. Kar ka ce za ka canza komai rana ɗaya ba za ka ɗore ba. Bayan wata uku ka sake TG da suga da azumi, a lab ɗin da ka yi na farko, TG na saurin sauka in aka bar zaƙi.

Mai Shayi Mile 12: Anti kina kashe min kasuwa fa, direbobi su ne manyan kwastomomina

Anti Nas: Ka soya musu ƙwai da albasa da tumatir da yawa ka ƙara kuɗi, ba ga ka a Mile 12 ba

Maman Biyu: Ni matsalata tafiyar, ina zan zaga a Agege mace ni kaɗai, ga okada ga kwata

Anti Nas: Ki nemi maƙwabta biyu ku fita bayan asuba kafin titi ya cika, ko ki riƙa sauka daga keke tasha ɗaya kafin kasuwa. Ko tafiyar minti goma a tsakar gida bayan cin abinci tana rage hawan suga. Baƙin wuyan ma yakan yi sauƙi in insulin ya sauka.

Telan Obalende: To jama'a duk mai son awon ƙugu ya biyo shago kyauta ne, tef ɗina na da inci a gefe ɗaya santimita a ɗayan. Maza kawai, mata matata za ta auna su a gida

Malamin Lab: Tela amma ba inda kake auna wando ba fa, ku kuna sa tef ƙarƙashin tumbi ne. Tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu za ka sa, wajen saitin cibiya, mutum na tsaye ya saki numfashi, kar ya shanye ciki, kuma ba a kan babbar riga ba.

Telan Obalende: Au to ai inci 41 ɗin direba a ƙasan tumbi na auna

Direban Apapa: La ilaha illallah. Tela kar ka sake auna ni sai bayan wata uku

Alhajin Rago: Tela ƙarhe nawa kaka buɗe shago ran Lahadi